Yadda Ake Gwada Tsohon Magani a Kan Fangas Mai Kisa

Ranar da na fara ganin ramukan farantina sun washe, kasa zama na yi. Faranti ne na roba mai ƙananan ramuka 96. Kowane rami na zuba masa ruwan da fangas ke girma a ciki, na sa ƙwayar Cryptococcus, wata fangas mai haddasa sanƙarau, sannan na ɗiga mebendazole, tsohon maganin tsutsar ciki, ina rage ƙarfinsa rabi-rabi daga hagu zuwa dama. Bayan kwana uku a na'urar ɗumi, ramukan dama suka gurɓace, alamar ƙwayar ta hayayyafa, na hagu kuwa garau kamar ba a sa komai ba. Na rufe farantin na kai wa malamar da ke duba aikina. Ta ɗaga shi sama ta dube shi da kyau, ta ce, "Ya yi kyau, ɗana. To idan mutum ya haɗiye shi, nawa ne ke isa jininsa?"

Ba ni da amsa. Ta ce in je in dubo kafin in sake taɓa wani faranti. Da na duba sai na tarar ɗan kaɗan ne ƙwarai hanji ke tsotsa, saura duk a cikin hanji yake tsayawa, kuma wannan ne ma ya sa yake kashe tsutsa. Ni kuwa ƙwayar da nake son kashewa a cikin ƙwaƙwalwa take zama.

Wannan tambaya tata ita ce ƙashin bayan duk abin da zan faɗa a nan. Ina rubuta shi ne domin ɗalibi ko masanin magunguna da ke son shiga wannan aiki, da kuma duk wanda ya karanta labarin cewa an gano wani tsohon magani yana kashe fangas, yana son sanin yadda zai auna labarin. Sunayen magunguna na bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali.

Me ya sa ake komawa kan tsofaffin magunguna

Fangas dangin funfuna ne da yis. Wanda aka fi sani shi ne na fata, irin su makero da ƙyasfi, amma ba su nake nufi ba. Ina maganar wanda ke shiga jini da huhu da ƙwaƙwalwar mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni: mai ƙanjamau, mai karɓar maganin kansa, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai ciwon sukarin da ya ƙi saituwa, da wanda ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 da suka fi haɗari, ta sa huɗu a sahun gaba: Cryptococcus neoformans, Aspergillus fumigatus, Candida albicans da Candida auris. Sanƙarau na Cryptococcus kaɗai an ƙiyasta ya kashe masu ƙanjamau kimanin 112,000 a 2020. Candida auris kuwa sai a 2009 aka fara bayyana ta a Japan, daga kunnen wata marar lafiya, yau ga ta a asibitocin nahiyoyi da dama, kuma mafi yawan waɗanda aka gwada ba sa jin fluconazole.

Makaman da ke hannunmu ba su da yawa. Manyan gidaje uku ne: amphotericin B, wanda ake amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1950 kuma yake cin ƙoda; gidan azole, su fluconazole da itraconazole da voriconazole; sai gidan echinocandin, wanda ɗan farinsa, caspofungin, ya fito a 2001. Akwai kuma flucytosine a gefe guda. Dalilin ƙarancin shi ne ginin ƙwayar fangas ya yi kusa da na ƙwayar halittar ɗan Adam fiye da yadda bakteriya ta yi, don haka yawancin abin da zai kashe ta zai taɓa mu. Ƙirƙiro sabon magani kuma yakan ci shekara goma zuwa goma sha biyar. Tsohon magani an riga an san adadin da jiki ke ɗauka, an san illarsa, an san yadda hanta da ƙoda ke fitar da shi, ga shi ana sarrafa shi a masana'anta. Wannan gajeriyar hanya ce ta gaske, kuma ta taɓa kai mu ga nasara.

Flucytosine kansa a 1957 aka haɗa shi da nufin maganin kansa. Bai yi aikin da aka so ba, daga baya aka gano fangas na da wani sinadari da ke juya shi ya zama guba a cikinta, sinadarin da ƙwayoyin jikinmu ba su da shi. Yau yana cikin magunguna ukun da ake ceto masu sanƙarau na Cryptococcus da su. Co-trimoxazole maganin bakteriya ne, amma a shekarun 1970 likita Walter Hughes ya nuna a asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka cewa yana warkarwa yana kuma kare yara masu kansar jini daga ciwon huhu na Pneumocystis. A lokacin ba a ma san Pneumocystis fangas ba ce, sai a 1988 aka tabbatar. Dapsone na kuturta, da primaquine na zazzabin cizon sauro idan an haɗa shi da clindamycin, duk ana amfani da su a kan wannan ciwon huhun.

Fara da ƙwayar da kuma inda take zaune

Kada ka fara da magani. Fara da rubuta jimla ɗaya: wace ƙwaya, a wace gaɓa, a jikin wane irin marar lafiya. Cryptococcus a ƙwaƙwalwar mai ƙanjamau daban take da Aspergillus a huhun mai kansar jini, daban da Candida da ta manne a jikin robar ƙarin ruwa. Echinocandin, duk da kyaunsa a kan Candida ta jini, ba ya taɓuka komai a kan Cryptococcus, kuma ba ya shiga ruwan laka, wato ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka, sosai. Idan ba ka ƙayyade gaɓar ba, ba ka da abin da za ka auna maganinka da shi.

Daga nan sai zaɓen maganin. Hanya biyu ce. Ko ka tace ɗaruruwan magunguna lokaci guda daga tarin da aka tanada don haka, kamar yadda masu bincike a Texas suka tace kusan 1,280 a kan Candida auris a 2018 suka zaƙulo ebselen, ko ka bi hankali daga yadda maganin ke aiki. Ni hanya ta biyu na fi so ga mai ƙaramin ɗakin gwaji, domin tana tilasta maka ka tambayi kanka abin da ya bambanta fangas da mutum a wurin da maganin zai bugi ƙwayar. Cyclosporine da tacrolimus idan aka haɗa su da fluconazole a faranti suna kashe Candida sosai. Amma sinadarin da suke toshewa a fangas shi ne suke toshewa a ƙwayoyin garkuwar jikinmu, wato za ka kashe ƙwayar ka kuma kwance wa marar lafiya damararsa. Rapamycin, wanda aka samo daga ƙasar tsibirin Rapa Nui, da farko maganin fangas aka ɗauke shi, wannan matsalar ce ta sa aka juya shi zuwa maganin masu dashen gaɓa.

Aikin faranti

Abin da kake nema a faranti shi ne mafi ƙarancin ƙarfin maganin da ke hana ƙwayar girma, wanda ake taƙaitawa da MIC. Bi ƙa'idar hukumomin da ke tsara irin wannan gwaji, CLSI ta Amurka ko EUCAST ta Turai, kada ka ƙirƙiri taka, don in ka yi haka babu wanda zai iya kwatanta sakamakonka da nasa. Ruwan da aka saba amfani da shi RPMI 1640 ne da aka daidaita tsaminsa a kan 7, ɗumi kuwa digiri 35. Candida ana karanta ta bayan awa 24, Cryptococcus takan buƙaci har awa 72. A kowane zagaye ka sa ƙwayar da aka san amsarta, irin su Candida parapsilosis mai lamba ATCC 22019, tare da fluconazole ko amphotericin B. Idan amsar waɗannan ta kauce, ka zubar da zagayen gaba ɗaya.

Yawancin tsofaffin magungunan nan ba sa narkewa a ruwa, sai a wani sinadarin narkarwa mai suna DMSO, kuma shi kansa DMSO yana danne fangas idan ya yi yawa. Kada ya wuce kashi 1 cikin 100 a rami, kuma ka ware layi guda mai DMSO zalla ba magani. Ka riƙa duba gindin rami da madubin ƙara girma. Na taɓa ganin rami mai ƙarfin magani sosai ya yi fari-fari na ɗauka ƙwaya ce ta girma, ashe maganin ne ya daskare ya kwanta kamar ƙananan allurai, ma'ana abin da ya narke a ruwan bai kai rabin abin da na rubuta a littafi ba.

Kada ka tsaya a kan ƙwaya ɗaya ta ɗakin gwaji. Nemi goma ko ashirin da aka samo daga marasa lafiya daban-daban, har da waɗanda ba sa jin fluconazole. Ramukan da suka washe kuma ka ɗebi ruwansu ka shuka a sabon faranti marar magani. Idan ƙwayar ta tsiro, maganin danne ta ya yi kawai bai kashe ta ba, kuma ga mutumin da garkuwarsa ta rushe wannan bambanci babba ne.

Lissafin da malamata ta tura ni yi

A nan nake so ka daɗe. Da zarar ka sami MIC, ajiye faranti ka ɗauko takardar bayanin maganin ka nemi abu uku: mafi girman adadin da ke taruwa a jini idan an sha iyakar abin da jiki ke jurewa, kashi nawa ne daga ciki ke manne da furotin na jini, da kuma nawa ke isa gaɓar da ka rubuta tun farko. Wanda ya manne da furotin ɗaurarre ne, sakakken ne kaɗai ke iya shiga ƙwayar fangas.

Ga misali da sertraline, maganin ciwon damuwa. A faranti yana hana Cryptococcus girma a wajen mikrogiram 4 a kowace mililita, wata ƙwayar ƙasa da haka kaɗan, wata sama. Mutumin da ke shan miligiram 400 a rana, ninki biyu na iyakar da ake ba mai ciwon damuwa, abin da ke jininsa bai wuce kusan mikrogiram 0.4 ba. Tun a nan an sami giɓin ninki goma. Sai ka tuna kashi 98 cikin 100 na sertraline manne yake da furotin, wato sakakken kusan 0.008 ne. Raba 4 da 0.008, za ka sami 500. Yanzu kwatanta da fluconazole: fiye da kashi 90 na abin da aka haɗiya yana shiga jini, kusan kashi 12 kaɗai ke mannewa, kuma abin da ke isa ruwan laka ya kai wajen kashi 70 zuwa 80 na abin da ke jini. Wannan shi ne kamannin maganin da ke isa inda aka aike shi.

Waɗanda suka gwada sertraline ba sakarkaru ba ne, kuma ina girmama aikinsu. Suna da hujja: maganin yana taruwa a naman ƙwaƙwalwa ninki da yawa fiye da jini, ya rage ƙwayar a ƙwaƙwalwar ɓeraye, kuma ƙaramin gwajin farko a kan mutane ya ba da fata. Sai suka yi abin da ya dace, suka yi babban gwaji a Kampala da Mbarara na ƙasar Yuganda mai suna ASTRO-CM. Mutum 460 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kowa yana karɓar maganin da aka saba, gida ɗaya an ƙara masa sertraline, ɗayan an ba shi ƙwayar magani ta bogi marar sinadari. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa cikin mako 18 kashi 52 na masu sertraline sun rasu, na ɗaya gidan kashi 46. Ba a ga amfani ba, aka tsayar da gwajin. Tamoxifen na kansar mama ma haka ya yi a Biyetnam: mutum 50, miligiram 300 a rana maimakon 20 da aka saba, bai ƙara saurin share ƙwayar daga ruwan laka ba, sai dai ya dagula bugun zuciyar wasu.

Ka lura da abin da ya faru a duka biyun. Domin a cike giɓin an ɗaga adadin maganin sama da inda aka san shi, kuma da zarar ka yi haka, babbar fa'idar tsohon magani, wato sanin lafiyarsa, ta ragu. Ra'ayina shi ne idan sakakken maganin a gaɓar bai kusanci MIC ba, kada ka kashe ɓera ko ɗaya a kansa, sai in kana da wata sabuwar hanyar isar da shi. Gwaji mai sauƙi da zai taimake ka shi ne ka maimaita farantin bayan ka ƙara ruwan jini a ciki. Miltefosine, wanda aka fara nema don kansa kafin Indiya ta amince da shi a 2002 don cutar leishmaniasis da wani ƙaramin ƙwaro mai cizo ke yaɗawa, yana da ƙarfi a kan fangas a ruwan gwaji, amma ƙarfin yakan faɗi sosai idan furotin ya shigo.

Idan ya tsallake lissafi

Da wuya tsohon magani ya tsaya shi kaɗai, galibi mataimaki ake nema wa fluconazole ko amphotericin B. Ana gwada haɗin ne a faranti guda, ɗaya yana raguwa a kwance ɗaya a tsaye, sai a fitar da lambar FICI, wadda ke nuna yadda magungunan biyu ke aiki tare. Idan ta kai 0.5 ko ƙasa, suna ƙarfafa juna. Idan ta haura 4, suna ɓata wa juna aiki. Gwada shi kuma a kan ƙwayoyin halittar mutum na hanta ko ƙoda, ka ga tazarar da ke tsakanin abin da ke kashe fangas da abin da ke kashe namu.

Kafin ɓera akwai tsutsar Galleria mellonella, wadda ke jure ɗumin digiri 37. Ana yi mata allura ta ƙafarta ta baya, wadda cutar ta ci ƙarfinta sai ta yi baƙi ta daina motsi. Tana tace magungunan da ba su da amfani da arha, amma ba ta da ƙwaƙwalwa irin tamu, don haka ba ta maye gurbin ɓera. A ɓera kada ka ƙirga waɗanda suka rayu kawai: ƙirga ƙwayar da ta rage a gaɓar, ka kuma auna maganin a jininsa ka tabbata bai zarce abin da mutum zai iya kaiwa ba.

Sai karon magunguna, wato yadda wani magani ke canza aikin wani a jiki, wanda ake yawan mantawa da shi. Mai irin wannan ciwo ba magani ɗaya yake sha ba. Rifampicin na tarin fuka yana zubar da itraconazole da voriconazole daga jini har su zama kamar ba a sha ba. Magungunan rage kitsen jini irin su simvastatin suna danne fangas a faranti, amma itraconazole yana hana hanta sarrafa simvastatin, ya taru har ya narkar da tsoka. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na deferasirox, maganin da ke kwashe sinadarin ƙarfe daga jiki. Fangas mai haddasa wata muguwar cuta mai suna mucormycosis tana matuƙar buƙatar ƙarfe, kuma a ɓeraye maganin ya yi aiki. Da aka gwada a kan mutum 20, aka buga sakamakon a 2012, waɗanda suka karɓe shi sun fi mutuwa. Gwajin ƙarami ne kuma gidajen biyu ba su yi daidai da juna ba, amma ya isa ya hana kowa gaggawa.

Gwaji a kan mutane ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai da amincewar kwamitin ɗa'a da hukumar magunguna, da yardar marar lafiya a rubuce, da wani kwamiti mai zaman kansa da ke da ikon tsayar da gwajin. Kuma sabon maganin ƙari ne a kan wanda aka tabbatar, ba a cire wa kowa ingantacce don a gwada sabo. A sanƙarau na Cryptococcus akwai ma'auni mai kyau: ana ɗibar ruwan laka sau da yawa cikin mako biyun farko, ana ƙirga yadda ƙwayar ke raguwa kullum, wanda ke ba da amsa da mutane 'yan goma maimakon ɗaruruwa. Duk abin da ka samu ka buga shi, ko da cewa ne maganin bai yi ba, tare da MIC da adadin jini da lissafinka, domin kada wani ya ɓata shekara biyu a kan hanyar da ka riga ka ga ƙarshenta.

Wani lokacin kuma sabon amfanin yana cikin canza yadda ake ba da magani ne. Gwajin AMBITION da aka yi a Botswana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabwe, aka buga a 2022, bai kawo sabon magani ko ɗaya ba. Ya nuna cewa babbar allura guda ta amphotericin B mai rigar kitse, miligiram 10 ga kowane kilo, tare da flucytosine da fluconazole na kwana 14, ta yi daidai da tsarin allurar kwana bakwai: kashi 24.8 suka rasu cikin mako goma, a ɗaya gidan 28.7, kuma illa ga ƙoda da jini ta ragu. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a gaba cikin shawarwarinta.

Wata rana wata baiwar Allah ta tare ni da waya a hannu, ƙaninta na kwance da wannan sanƙarau, ta karanta cewa sertraline na kashe ƙwayar, tana tambaya ko ta saya ta riƙa ba shi. Na ce, "Yaya, don Allah kada ki ba shi. An gwada a kan mutum 460, bai taimaka ba." Na karɓi biro na rubuta mata abin da za ta tambayi likitansa: ko yana samun amphotericin B da flucytosine da fluconazole duka ukun, ko ana duba ƙodarsa da gishirin potassium na jininsa, ko ana ɗibar ruwan laka don rage matsin da ke sa masa ciwon kai, da kuma yaushe za a fara masa maganin ƙanjamau, tunda a wannan ciwo ana jinkirta shi mako huɗu zuwa shida. Ta naɗe takardar ta koma ɗakin da yake kwance.